Yatsan Baba Zainudeen

Rana ba ta gama fitowa ba aka bugo wa Sufeto Fadlullah waya cewa an tsinci gawar wani tsoho a barandar masallacin zangon Yendi, unguwar baƙi da fatake. Ya ajiye kokon da ya fara sha, ya ƙwala wa Kofur Jalil kira, suka hau babur.

Bazara ce, irin wadda tun da safe riga ke manne wa mutum a baya. Sun tarar da jama'a sun yi cincirindo, kowa na ba da labarin abin da bai gani ba.

Liman Abdul-Wadud ne ya tare su. Dattijo ne, jikan fataken goro, Hausarsa tana nan garau.

"Ladan ne ya gan shi da asuba," in ji Liman. "Babu wanda ya san shi. Baƙo kuwa in ya mutu a zango, namu ne. Ka ba mu shi mu sallace shi kafin azahar."

"Malam, sai na san ko wane ne."

Fadlullah ya durƙusa. Tsohon siriri ne, an kwantar da shi a gefen dama, fuskarsa na kallon gabas. An rufe masa ido. An ɗaure masa haɓa da ƙyallen koren mayafi, ɗauri mai kyau. Takalmansa ma an jera su a gefe.

"Jalil, ka taɓa ganin mugun da ya jera wa mutum takalmi?"

"Ban taɓa gani ba, Oga."

Babu rauni a jikinsa. Aljihunsa babu komai sai ɓarin goro. A cikin naɗin rigarsa kuwa ɓawon albasa ne ya maƙale ko'ina. Da Sufeto ya ɗaga hannun dama, sai ya ga babban yatsa yana sheƙi, sauran yatsun kuwa a bushe kamar kara. Ya shinshina. Man kaɗe ne.

"Har farin yadi mun saya," Liman ya ci gaba. "Wata baiwar Allah da mota ta bari jiya ta sauka gidana, Na'imatu sunanta. Ita ta roƙa a ba ta ɗinkin likkafanin don lada."

"Allah ya ba ta ladan," in ji Fadlullah, idonsa na kan yatsan.

Wata mace ta miƙo masa ruwa a kofi. Ya shanye, ya mayar mata, bai ko kalli fuskarta ba. Haka ɗan sanda yake wani lokaci, ya ƙware a duban ƙasa har ya manta da wanda ke tsaye a gabansa.

Ya sa aka ɗauki gawar zuwa ɗakin ajiyar gawa na asibiti. Mutane suka yi ta gunaguni. Wani ma ya ce da ƙarfi, wai wane irin Musulmi ne zai sa tsoho a ƙanƙara. Fadlullah ya yi kamar bai ji ba, amma maganar ta soke shi.

Daga nan suka wuce tasha. Albasa a wannan lokaci daga Bawku take sauka, kowa ya sani. An tabbatar musu wata babbar mota ta albasa ta tsaya jiya da magariba, ta sauke fasinja, ta wuce kudu. Babu wanda ya kula da waɗanda suka sauka.

Jalil ya yi ta zagayawa da hoton tsohon a waya. Can wani direban hanyar Salaga mai suna Seidu ya leƙa, ya dafe kai.

"Ei! Wannan Baba Zainudeen ne paa! Mai haƙa rijiya na Salaga. Rabin rijiya na zango shi ya haƙa."

"Ka tabbata?"

"Ofisa, na sha ruwa nashi tun ina yaro. Amma ƙafa nashi ya mutu, ya daɗe bai fita ɗaki ba. Wa ya kawo shi nan?"

Abin da Fadlullah ke so ya sani ke nan. Tsohon da ba ya iya fita ƙofar ɗaki a Salaga, me ya haɗa shi da albasar Bawku? Ruwa dai ba ya tsami banza.

La'asar ta yi suka isa Salaga a motar ofis, jikinsu duk ya yi tsami saboda ramukan hanya. Aka nuna musu gidan. A ƙofa suka tarar da ɗan tsohon, Mutala, mai gyaran babur, hannunsa baƙi ƙirin da mai.

"Ina mahaifinka?"

"Baba? Ya tafi Kete Krachi, wurin ƙani nashi."

"Yaushe?"

"Ya kwana biyu."

"Kun yi waya?"

"Jiya ma mun yi magana. Yana lafiya lau koraa."

Fadlullah ya nemi a nuna masa ɗakin tsohon. Tabarma na shimfiɗe, buta a gefe, tsohuwar igiyar rijiya a rataye a ƙusa. A kan taga kuwa ga ledar magungunan hawan jini, a cike.

"Mai hawan jini ne zai tafi Krachi ya bar maganinsa?"

Mutala ya fara ƙaiƙayin wuya. Sufeto ya ciro waya, ya nuna masa hoton.

Mutala ya zame ya zauna a ƙasa. Ya daɗe yana salati. Da ya ɗago kuma, sai ya sake wata ƙaryar, don ƙarya in ta fara haihuwa ba ta tsayawa a ɗa ɗaya.

"Abibata ne! Ƙanwa na na Bawku. Ya zo ya sace Baba ina kasuwa. Wallahi ban sani ba!"

"Ka ji tsoron Allah, Mutala."

Matarsa Nusrat ce ta yi maganar daga bakin madafi, ludayi a hannunta, hawaye na zuba.

"Ofisa, shi da kanshi ya goya Baba ya sa shi a mota. Abibata ya ce in kuɗi ya fito za su raba biyu. Ni kuma na gani magani a taga bayan sun tafi. Na ce zan aika da mota na gobe. Ban aika ba."

"Wane kuɗi?"

Nusrat ce ta warware masa zancen. Tun tsohon yana zaune a Bawku wurin Abibata aka sa gidanta cikin tallafin da gwamnati ke ba gidajen da ke da tsoho ko naƙasasshe. Daga baya Mutala ya ɗauko shi ya dawo da shi Salaga, amma Abibata ta ci gaba da karɓa a matsayin mai kula da shi. Bana da kaya suka yi tsada aka ce an ƙara tallafin, sai dai kowane tsoho a kawo shi a gan shi da ido, ya dangwala yatsa a na'ura. Wanda bai zo ba, za a cire gidansa.

Fadlullah ya juya ga Mutala.

"Tun da suka tafi, ka buga ka tambayi lafiyarsa?"

Mutala ya sunkuyar da kai. "Na ce in na buga, zai ce in aika kuɗi na mota."

"Tashi ka wanke hannu. Za ka bi mu."

Sun bar shi a ofishin Yendi, washegari suka kama hanyar Bawku. Gidan da Abibata ke haya yana bayan kasuwar dabbobi. Ɗakinta a kulle yake. Yaranta na zaune a gindin murhun maƙwabciyarta Lamisi, suna kallon tukunyar da ba tasu ba.

"Ina Abibata?"

"Ya tafi Paga, sayo kaya," in ji Lamisi, tana gyaran itacen da ba ya buƙatar gyara.

"Da wane jari?"

Lamisi ta ci gaba da juya itacen.

"Mma Lamisi, tsohon da ta zo da shi ya rasu."

Ta saki itacen. "Wayyo! Na faɗa mishi! Na ce tsoho yana numfashi kamar akuya da aka ɗaure, bar shi ya kwana. Abibata ya ce Mutala zai yi faɗa. Ni ma ban matsa ba, Ofisa. Ɗaki na ƙarami ne, na ji tsoro ya mutu mini a ciki."

"Me take sayarwa?"

"Babu. Tela ne da. Miji ya mutu, masara ya yi tsada, ya sayar da keke na ɗinki suka ci. Wannan kuɗi na gwamnati shi ne tuwo na yara."

"Wane kaya ta sa ranar?"

"Mayafi kore. Shi kaɗai ya rage mishi mai kyau."

Fadlullah ya laluba aljihu, ya ba Lamisi abin da ya samu, ya ce a saya wa yaran abinci. Ya san hakan bai wanke komai ba.

A filin wata makaranta ake tantance tsofaffin. Abin da ya gani a can ya tsaya masa a rai. Layi ne har bakin titi, cikin rana tsaka. Wasu an kawo su a babur mai ƙafa uku, wasu a goye, wata tsohuwa ma a baro aka turo ta. Sai ya tuna tasa uwar da ke Krachi. Ita ma an kira su makon jiya, shi kuwa ya tura kuɗin babur ta waya, ya ce wani ya kai ta. Har yau bai tambayi yadda ta dawo ba.

Ma'aikaciyar da ke riƙe da na'urar sunanta Anisatu, matashiya ce, idonta ya yi ja don gajiya. Ta kalli hoton sau ɗaya ta kawar da kai.

"Ban tuna shi ba. Mutane suna da yawa."

"Sake dubawa. Mai haƙa rijiya ne. Yatsunsa sun goge."

Ta ajiye na'urar a hankali.

"Na tuna. Mashin ya ƙi karɓan yatsa nashi. Mun gwada, mun gwada. Sai ɗiya nashi ya ciro man kaɗe, ya murza mishi, yana cewa, 'Baba, yi haƙuri, saura kaɗan.' Sai ya shiga."

"Yaya kika ga jikinsa?"

"Yana rawa. Gumi yana zuba. Ya riƙe ƙirji."

"Me kika yi?"

"Na ce na gaba ya zo." Ta kalli layin. "Ofisa, wanda ba ya iya tashi, ana iya bi shi gida. An faɗa mana. Amma mu ba mu faɗa wa mutane ba, don babu mai a mota namu."

Fadlullah ya koma inuwar wata darbejiya ya tsaya. Tela. Koren mayafi. Matar da mota ta bari a Yendi daidai ranar. Sai ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi, ya tuna hannun da ya miƙo masa kofi.

Ya buga wa Liman waya.

"Malam, likkafanin nan an gama?"

"Tun jiya. Kai muke jira."

"Wa ya je ya auna gawar?"

"Babu wanda ya auna. Ta dai ɗauki almakashi ta yanka."

"Kun tambaye ta daga ina take?"

"Haba, Sufeto. A gidan nan baƙo sai ya kwana uku kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Haka muka gada."

"Tana nan?"

"Tana nan. Ba ta ci, ba ta magana. Kullum tambayarta ɗaya, yaushe za a rufe baƙon."

Da hantsin washegari Sufeto ya zauna a zauren Liman, ya ce a kira masa baƙuwar. Ta shigo da sallama, ta durƙusa a gefen ƙofa. Wani tsohon zane ta yafa, na aro daga matan gidan.

"Sunanki?"

"Na'imatu."

"Daga ina?"

"Chereponi. Zan tafi Bimbila."

"Kin san mamacin nan?"

"Ban sani shi ba. Lada kawai na nema."

"Ina mayafinki?"

"Ya ɓace a mota."

Fadlullah ya gyaɗa kai, ya juya ga Liman. Abin da zai faɗa ƙarya ne, ya sani, kuma bai taɓa jin kunyar aikinsa irin ta wannan lokaci ba.

"To, Malam, sai ku yi haƙuri. Tunda babu mai shi, ya zama gawar gwamnati. Za a haɗa shi da sauran da ba a nema ba, a zuba su rami ɗaya. Babu wanka, babu salla. Likkafanin ku ajiye wa wani."

Liman ya buɗe baki zai yi magana. Matar ta riga shi.

"A'a! Yana da mai shi! Baba na ne! Ni ne Abibata!"

Ta kifa kai a ƙasa tana kuka, irin kukan da aka daɗe ana haɗiyewa. Babu wanda ya hana ta. Da ta ɗan lafa, Jalil ya buɗe takarda, Sufeto ya ce ta fara daga farko.

"A Salaga ya ce mini ba zai iya tafiya ba. Na ce, 'Baba, jikoki naka ba su ci.' Sai ya ce a kawo mishi riga. Da muka gama dangwala, ya ce, 'Abiba, bar ni in kwanta kaɗan.' Asibiti yana nan kusa, ina gani. Amma kuɗi na hannu na na mota ne kawai. Na ce in mun shiga mota zai kwanta. Na sa shi a kan buhu na albasa."

"A ina ya cika?"

"Bayan Gushegu. Kai nashi yana kafaɗa na. Ya yi shahada, na ji da kunne na. Sai ya yi nauyi."

"Me ya hana ki gaya wa direba?"

"Ofisa, ka san direba. In gawa yana mota, zai sauke mu a daji, ko ya ce kuɗi na gawa daban. Sai na rufa mishi hula, na riƙe shi kamar yana barci. Wani mata ya ce, 'Tsoho naki yana son barci paa.' Na yi dariya. Wallahi na yi dariya."

Liman ya kawar da kai yana goge ido.

"A tasha na ce bai da lafiya, wani mai babur ya taimaka mini har masallaci. Da mutane suka watse, na gyara shi. Na yaga mayafi na ɗaure mishi haɓa. Na san zango ba ya bari baƙo ya wulaƙanta."

Fadlullah ya bar ta ta numfasa. Sa'an nan ya yi tambayar da ya fi ƙin yi.

"Kuɗin gawa ya hana ki magana a mota, na ji. To, da kika iso gidan Malam fa? Nan babu direba. Da kin ce mahaifinki ne, da tun ranar an rufe shi da sunansa. Me ya sa kika zama Na'imatu?"

Nan take kukan ya tsaya.

"Abibata."

"In an ce Baba Zainudeen ya mutu, za a cire gida na," ta faɗa da wata ƙaramar murya. "In baƙo ne ya mutu, babu wanda zai cire. Na ce ko shekara ɗaya yara su ci. Na sayar da suna na Baba na, Ofisa. Amma na kasa tafiya. Kullum na ɗauki jaka, ƙafa na ya ƙi."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sufeto ya gaya mata laifukan da ake tuhumarta da su: jefar da gawa, ɓoye mutuwa don cin tallafi, da sakacin da likita zai faɗi iyakarsa. Ya ce Mutala ma zai amsa nasa. Daga nan ya ƙara da abin da ba ya cikin doka.

"Maganar rami ɗaya ƙarya na yi. Ki yafe mini."

Ta dube shi kawai.

Bayan azahar aka sallaci Baba Zainudeen a ƙofar masallacin da aka tsince shi. Liman ya faɗi sunansa da ƙarfi, da sunan mahaifinsa, da garinsu. Seidu direba ya zo da mutanen Salaga cike da mota, waɗanda suka sha ruwan rijiyoyinsa. Mutala na sahun gaba, ɗan sanda a gefensa. Likkafanin ya yi masa cif, ba ragi ba ƙari.

Abibata na tsaye a jikin motar 'yan sanda, can nesa da maza. Jalil ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai, ya ce a bari makara ta wuce tukuna.

Ana ɗaga makarar, wayarta da ke cikin ledar shaida a hannun Fadlullah ta yi ƙara. Saƙo ne. Bai yi niyyar dubawa ba, amma idonsa ya riga ya kai.

Ta gane ƙarar. Ba ta ɗauke ido daga makarar ba.

"Kuɗi ya shiga?"

"Ya shiga."

"Da ƙari?"

"Da ƙarin."

"Za a iya kai wa Lamisi, don yara?"

Fadlullah ya girgiza kai. "Ya zama shaida. Babu mai taɓa shi."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta bi makarar da kallo har ta sha kwana a bayan tasha, sa'an nan ta miƙa wa Jalil hannuwanta biyu da kanta.

"Yatsa na Baba ya yi aiki nashi," in ji ta. "Ni ne ban yi nawa ba."

Ta hau bayan motar. Fadlullah ya rufe ƙofa, ya zagaya ya zauna a gaba, ledar na kan cinyarsa, har suka isa ofis bai iya ɗaga kai ya kalli madubi ba.